Tayi Uku a Kan Gidan Tela

A unguwar babu mai kiransa da wani suna sai Dillali. Yara kan ƙara masa "Baba" a gaba, manya kuwa su bar shi haka nan. Kafin ka gan shi za ka ji shi, domin damin makullan da ke rataye a ƙugunsa kullum yana riga shi sallama. Makullan gidajen mutane ne, waɗanda aka ba shi amanar sayarwa ko sa wa 'yan haya. Nasa guda ɗaya ne tak a cikinsu, ɗan ƙarami, na wani ɗakin haya a saman bene kusa da tashar mota. Ya buɗe wa jama'a ƙofofin da ba su ƙirguwa, amma Allah bai nufe shi da mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba. In an tsokane shi da wannan sai ya ce, "Jirgin fito ai kai mutane ne nasa, ba zama a tsallake ba."

Yana saurayi ya fara, da karɓo wa wani mai gidaje kuɗin haya a ƙarshen wata. A wannan yawon ya koyi gida kamar yadda makiyayi ke koyon dabba. Ya san bangon da ke shan ruwa ta ƙasa ko da an shafe shi da sabon fenti, ya san rufin da zai yi yoyo tun damina ba ta faɗi ba, ya kuma san cewa rabin darajar gida maƙwabci ne. Da ubangidan nasa ya rasu sai ya tsaya da ƙafarsa. Ya yi aure, suka sami ɗa guda. Matar ta riga shi gidan gaskiya tun gashinsa bai gama fari ba, ɗan kuma neman abinci ya kai shi wata ƙasa. Yakan bugo waya jefi-jefi, su gaisa, ya tambayi ciwon gwiwa, Dillali ya ce da sauƙi, sai ɗayansu ya ce to, sai an jima.

Yanzu dillanci ya koma hannun samari masu ɗaukar hoton gida da waya su watsa, ciniki ya faɗa ba tare da mai saye da mai sayarwa sun ga fuskar juna ba. Dillali bai zarge su ba. Ya san zamani riga ne, kowa da wadda ta zo masa. Shi dai ya tsaya a kan ƙa'idodinsa biyu. Ta farko kowa ya san ta: ba ya kai wa mai gida tayi ɗaya. "Tayi ɗaya umarni ne," in ji shi, "an ce maka ka karɓa ko ka bari." Sai ya tara biyu ko uku, sannan ya je da ƙafarsa, ya zaunar da mai gidan a cikin gidan da za a sayar, ya jero masa su ɗaya bayan ɗaya. Bayan farashi, yakan faɗi ko wane ne mutumin, kuɗinsa a hannu suke ko sai an jira, da abin da zai yi da gidan in ya zama nasa. Bai taɓa ɓoye tayi ba, bai kuma taɓa buɗe baki ya ce wa mai gida ɗauki wannan ba.

Ƙa'ida ta biyu kuwa bai faɗa wa kowa ba. Wurin matarsa ya koyo ta. Lokacin da ɗansu yake ƙarami, in tana so ya yi wanka ba ta jansa da faɗa, sai ta ce, "Wasa za ka yi ko wanka?" Yaron ya ce wanka. In barci take so ya yi, ta ce, "Waje za ka fita ko kwanciya?" Ya ce kwanciya. Dillali ya lura cewa manya ma ba su yi nisa da haka ba: abin da ya shiga kunne daga ƙarshe shi yake kwana a zuciya. Tun daga nan, tayin da ya ga ya fi zama alheri ga mai gida shi yake ajiyewa a ƙarshe, ko da kuwa ba shi ne mafi tsoka ba. Da wannan jerin kaɗai yake ba da shawara, kuma ya riƙe shi kamar rantsuwa.

Mutum ɗaya ne ya gano shi, wato Tela.

Gidan Tela shi ne na ƙarshe a layinsu: shago a gaba da ɗan ɗaki a bayansa, ɗakuna uku a ciki, sai tsakar gida mai famfo da bishiyar lemo da marigayiya matarsa ta dasa. A ƙofar shagon akwai dogon benci na katako wanda zama ya goge har yana sheƙi. Kowace la'asar, in Dillali ya gama yawon gidaje, nan ƙafarsa ke kawo shi. Yana da gefensa, na wajen taga. Tela yana da nasa, na wajen ƙofa. A da bencin cika yake yi. Mutuwa ta ɗauki wasu, 'ya'ya suka ɗauke wasu zuwa wasu garuruwa, har ya rage su biyu, amma babu wanda ya matsa tsakiya. A nan Dillali ke kwashe labarin cinikin yini, Tela na saurare yana farke ɗinki ko sa maɓalli. Wata rana, tun shekarun baya, Tela ya kira shi da sunan tsokanar da shi kaɗai ke kiransa da shi, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Kai Sarkin Yawo, na lura duk wanda ka faɗa a ƙarshe shi ake sallama wa."

"Dace ne," in ji Dillali.

"To, Allah ya ƙara dace."

Ba su sake tayar da maganar ba.

A 'yan shekarun nan yanar ido ta sauko wa Tela. Ya daina yanka sabon yadi, ya koma faci da kalmasa da maɓalli, irin aikin da yatsa ke iya gani. Abin da ya gagare shi shi ne kafar allura. Saboda haka, kafin Dillali ya tashi kowace yamma, sai ya sa tabarau, ya zura wa keken ɗinki zare, sannan ya zura wa alluran hannu ya jera su a jikin ɗan matashinsu: baƙi a dama, fari a hagu, sauran launuka a tsakiya bisa jerin da suka saba. Masu kawo faci ba su san komai ba. Tela kuwa bai taɓa cewa an gode ba, sai dai ya ce, "Jiya ka sa mini shuɗi a wurin kore, na mayar da wandon mutum tuta."

"Ka cire a albashina," in ji Dillali.

Ranar da Tela ya zame a bakin famfo ya fasa goshi, maƙwabta suka buga wa 'yarsa waya. Ita kaɗai gare shi, yakan kira ta Uwata, tana aure a wani babban gari mai nisan yini a mota. Ta zo ta ga yadda ake ciki, ta yi kukanta a ɓoye, sannan ta yanke magana: Baba zai koma wurinta a yi masa aikin ido a can, gidan kuma a sayar, tun da gidan da ba kowa a ciki rushewa yake yi. Tela ya yi gardama har ya gaji. Daga baya ya ce a sa gidan a kasuwa a ji abin da za a taya, amma shi bai ce ya yarda ba tukuna.

Da la'asar ya zaro makullin ƙofar gida daga aljihu ya miƙa wa Dillali.

"Ga shi. Ka cinye unguwa duka, saura ni."

"Wannan kangon? Wa zai taya?"

"Ka ce musu da tsoho a ciki, gyara ne."

Suka yi dariya. Dillali ya daɗe yana fama da zoben makullan kafin sabon ya shiga, shi da ke sa makulli ko bai duba ba.

Ba a jima ba Mai Bulo ya zo. Mutum ne mai gidan buga bulo, wanda ke sayen tsofaffin gidaje ya rushe ya gina shaguna. Ko ɗakunan bai leƙa ba. Ya auna faɗin filin da ido, ya taya da tsoka. Dillali ya san halinsa. Yakan ɗaga tayi sama ya kori sauran masu so, in sun watse sai ya fara gano aibi a takardu da iyaka, farashi ya yi ta zaizayewa har ranar biya.

Bayansa sai wata ma'aikaciyar jinya da mijinta, direban wani kamfani. Sun gaji da haya, ga 'ya'ya sun fara girma a ɗaki biyu. Matar ta shiga ko'ina, ta buɗe famfo, ta ƙwanƙwasa bango, ta tsaya a gindin lemon ta tambaya ko yana yin 'ya'ya. Tayinsu bai kai na Mai Bulo ba, kuma sai sun jira rancen banki ya fito. Amma takardar amincewar bankin tana hannunsu, sun kuma ce tsoho ya zauna har ya kimtsa, ba mai yi masa gaggawa.

Tayi biyu sun isa a kai wa mai gida. Dillali bai kai ba. In 'yar Tela ta bugo ta ce, "Baba Dillali, ina aka kwana?" sai ya ce, "Ana nan ana dubawa, 'yata. Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido." Gaskiyar magana, tayin nan biyu ma'anarsu ɗaya ce a wurinsa: Tela zai tafi, a ɗauke benci, shi kuma in la'asar ta yi ya hau bene. Ya san ɗakin nan da yamma, ranakun da ruwan sama ya hana shi fita sun nuna masa. Gado, kujera ɗaya, rediyo, taga mai kallon bayan tasha, da kofuna biyu waɗanda ɗaya kawai ake wankewa.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya fita neman tayi na uku da kansa, ya kuma san irin wanda yake nema. Ya tafi ofishin Mai Haya, ɗan tsohon ubangidansa, wanda ya ɗora daga inda uban ya tsaya: a sayi tsohon gida, a yanka shi ɗaki-ɗaki, a zuba 'yan haya. Dillali ya sha saɓa shi a kafaɗa yana yaro, amma yau sai da ya jira a kujerar baƙi kafin a ce ya shiga.

"Baba, kai da kanka? Ai da ka aiko."

Dillali ya shimfiɗa masa maganar: ya sayi gidan, ya zuba haya a ɗakunan ciki, ya bar wa tsohon shagon da ɗakin da ke bayansa har iyakar ransa.

Mai Haya ya jingina da kujera yana juya biro a yatsunsa. "Baba, ni fa ba gidan gajiyayyu na buɗe ba. Ɗakin da ba ya kawo haya, a jikin farashi zan cire shi." Ya ajiye biron. "Tsohon, shekarunsa za su kai nawa?"

Dillali ya ji tambayar har cikin ƙashinsa, amma ya amsa. Mai Haya ya yi lissafinsa, ya taya ƙasa da kowa. Dillali ya yi godiya ya fito, yana gaya wa kansa cewa ai Tela ma ba ya son tafiya, kuma mutum ya ƙare kwanansa a ɗakinsa ba ƙaramin abu ba ne. Duk gaskiya ne. Kafin ya isa gida ya tsara jerinsa: Mai Bulo, sai ma'aikaciyar jinya, sai Mai Haya a ƙarshe. Ya buga wa 'yar Tela ya ce tayi ya cika, ta zo.

Ta ce motar dare za ta shiga, za ta iso da rana tsaka. Ran nan Dillali ya kasa zaman ɗaki, ya fito tun hantsi. A duk shekarun nan bai taɓa zuwa gidan Tela da safe ba. Ko masu duba gidan ma da la'asar ya kawo su. Ya tarar da shago a rufe. Ya buɗe ƙofar gida da makullin da aka ba shi, ya shiga, ya buɗe baki zai yi sallama, sai abin da ya gani ya tsayar da shi.

Igiya ce a tsakar gidan, an ƙulla ta da ƙyallaye kala-kala, ragowar ɗinkin shekaru. Ta taso daga ƙofar ɗakin kwana, daidai ƙugun mutum, ta zagaya gindin lemo ta je famfo, daga nan ta yi reshe zuwa banɗaki, wani reshen kuma zuwa ƙofar shago ta ciki. Tela na tafe riƙe da ita da hannu ɗaya, kofi a ɗayan, yana jan ƙafa, yana taɓa kowane ƙulli kafin ya wuce shi. Rana ta haske tsakar gidan tas, amma shi fuskarsa na sama, idanunsa a buɗe, ba su sauka a kan komai ba.

Dillali ya sa hannu ya damƙe damin makullan, ya matse su a cinyarsa.

Tela ya zo ya wuce ta gabansa, kusa har yana jin ƙanshin sabulun da ya yi wanka da shi, bai san da mutum ba. Ya ajiye kofin a bakin taga, ya ce wa kansa a hankali, "Yau Uwata za ta zo, a kwance igiyar nan da wuri." Ya bi igiyar yana kwancewa, yana naɗe ta daga tafin hannu zuwa gwiwar hannu. Da ta ƙare sai ya koma bin bango. A daidai bakin famfo ƙafarsa ta daki gefen siminti, inda ya faɗi rannan, ya yi tangaɗi, ya tsaya yana numfashi, hannunsa na neman abin kamawa a iska. Dillali ya ɗaga ƙafa zai je, sai Tela ya sami bangon. Ya lallaɓa ya shiga shago, aka ji ya buɗe akwatin keken ɗinki, ya jefa igiyar ya rufe.

Dillali ya ɗauka ya san abokinsa. Ashe Telan la'asar kaɗai ya sani, wanda ke riga kowa zama a benci, ba ya kuma tashi sai baƙonsa ya tafi. Sauran yinin duka na igiyar ne. Ya dubi tsakar gidan, ya zuba mata 'yan haya a ransa: bokitai jere a bakin famfo, shanya ta ko'ina, yara na gudu, babur a jingine a gindin lemo. A ina za a ɗaura wannan igiyar?

Ya fita da baya, ya ja ƙofar a hankali, ya yi ta zagaya unguwa har gwiwarsa ta fara magana. Da ya dawo sai ya saki makullan suka yi ta ƙara tun daga bakin layi. Shago a buɗe, Tela a gefensa na benci, tef ɗin awo a wuya, kamar nan ya kwana.

"Yau kuma da rana tsaka? La'ada ta hana ka barci."

"Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi," in ji Dillali, ya zauna a nasa gefen.

'Yar Tela ta iso da jakarta da gajiyar hanya. Ta fito da kujeru, ta kamo hannun uban, aka zauna a inuwar lemo, domin Dillali ba ya faɗin tayi sai a cikin gida. Ya gyara murya.

"Tayi uku ne. Zan faɗe su yadda suke, ba ƙari ba ragi. Zaɓi na mai gida ne."

"Mun san waƙar," in ji Tela, "shiga baiti."

Ya fara da Mai Bulo. Ya faɗi farashin, har 'yar ta ɗago kai. Ya ce kuɗin a hannu suke, amma mutumin yana da halin rage tayi in ya ga ya rage shi kaɗai, yana kuma son a tashi cikin mako, domin rushewa zai yi.

"Lemon fa?"

"Inda lemon yake, nan matattakala za ta hau."

"Albarka," in ji Tela.

"Baba, ka bari a gama mana," in ji 'yar.

Saura biyu. Dillali ya ciro tabarau ya goge, ya mayar aljihu. Ya dubi gefen simintin famfo. Sannan ya ce, "Na biyu, Mai Haya."

Bai rage wa tayin komai ba. Ya ce shi ne mafi ƙaranci a kuɗi, ɗakunan ciki za a zuba musu haya, famfo da banɗaki su zama na kowa, amma mai gida zai zauna a shagonsa da ɗakin bayansa, ba haya ba kora. Ya ga yatsun Tela sun daina wasa da tef ɗin awo. 'Yar ta buɗe baki za ta yi magana, uban ya ɗaga mata hannu.

"Har iyakar raina?"

"Har iyakar ranka. A rubuce."

"Da bencina?"

"Da bencinka."

Fuskar Tela ta washe kamar ta yaron da aka ce an fasa kai shi allura. Can sai murmushin ya tsaya. Ya karkata kai wajen da muryar Dillali take.

"Uku ka ce."

"Uku ne." Dillali ya kawo ma'aikaciyar jinya da mijinta, ya faɗi tayinsu, ya ce sai an ɗan jira banki amma amincewar tana hannu, zama za su yi da 'ya'yansu, ba za su taɓa ginin ba sai gyara, kuma mai gida ya kimtsa a tsanake kafin ya tafi. Ya ƙara da cewa matar ta tambayi lemon ko yana yin 'ya'ya. Daga nan ya ɗora hannuwansa a gwiwa.

'Yar ta fara duban wannan tana duban wancan.

"Sarkin Yawo," in ji Tela, "ita ka ajiye a ƙarshe."

"Haka suka zo."

"Ni za ka gaya wa haka suka zo?"

"Mene ne, Baba?" in ji 'yar.

"Ba komai, Uwata, tsakaninmu ne." Ya sake juyowa. "Mai Hayan nan, da ƙafarsa ya zo?"

"Ni na je."

"Kai ka je ka roƙo shi, ka kuma zo ka sa shi a tsakiya."

"E."

Tela ya yi ta naɗe tef ɗin a yatsa yana warwarewa. "Yau da wane lokaci ka fara zuwa gidan nan?"

Dillali ya ɗora hannu a kan damin makullansa.

Tela ya kaɗa kai. "Na ji ƙofa. Na ce iska ce." Ya ja numfashi. "To. Korata kake yi ke nan."

"Na gaji da zura maka allura ba albashi."

Tela ya yi dariya, dariyar ta ƙare da goge ido da bakin riga. "Ka gaya wa mai jinyar na sallama. Amma ta riƙa ba lemon ruwa da yamma, ba ya son na rana."

Da kuɗin banki suka fito aka sa hannu a takardu, 'yar ta zo da motar kaya. Aka ɗora keken ɗinki da akwatinsa, babu wanda ya buɗe shi. Benci ne bai sami wuri ba.

"Ɗauke shi," Tela ya ce wa Dillali, "kada a yi girki da shi."

Aka shigar da Tela gaban mota. Ya miƙo hannu ta taga, Dillali ya kama.

"Sai ka zo."

"Sai na zo."

Dukansu sun san nisan hanyar, sun kuma san gwiwar. Da motar ta sha kwana, Dillali ya zare makullin daga dami ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya, ya yi mata fatan Allah ya sa a shiga a sa'a.

Bencin ya ƙi hawa bene. A kwanar matattakala ya cije, masu ɗauka suka yi juyin duniya suka sauko da shi. Aka jingina shi da bangon ƙasa, yana fuskantar tasha. A makonnin farko, in la'asar ta yi, ƙafar Dillali kan kai shi tsohon layin kafin ya ankara. Shagon ya zama ɗakin yara, an sa labule a tagar, ƙananan takalma zube a ƙofa. In matar ta gan shi takan ce, "Baba, shigo ka sha ruwa mana." Shi kuwa ya ce, "Na gode, 'yata, wucewa nake yi." Ba ta taɓa ce masa layin daga nan ya ƙare ba. A hankali ƙafar ta koyi tsayawa a gindin bene.

Yana zaune a nan wata la'asar waya ta yi ƙara a aljihunsa.

"Sarkin Yawo, an buɗe idon." Muryar Tela ce, da ƙarfinta. "Na ga jikokina. Babban hancina ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri."

"Madalla. Allura fa?"

"Jiya na zura da kaina."

"Ka sallame ni daga aiki ke nan."

"Da ma ba ka iya ba. Benci yana nan?"

"Yana nan."

"Wa ke zama a gefena?"

Dillali ya waiwaya. Wata mata ce da ƙunshin kaya a cinya, idonta na kan motocin tasha.

"Mutane," ya ce. "Ana zama."

Ta cikin wayar ya ji yara na kiran Kaka, ana jan tsohon ya zo ya ga wani abu. Tela ya ce yana zuwa, zai sake kira, layin ya yanke. Dillali ya mayar da wayar aljihu. Ba a jima ba motar matar ta cika, yaran tasha suka kira, ta suri kayanta ta tafi. Shi ya ci gaba da zama a gefensa, bai matsa tsakiya ba, har aka kunna fitilun tasha. Sannan ya laluba damin makullan ya ware ɗan ƙaramin, ya dafa bango, ya fara hawa.